Wa Ke Bayanka?

A gidansu shi ne auta, kuma shi kaɗai ya taka jami'a. Tun yana yaro babu rediyon da ya shigo gidan ya fita da ƙusoshinsa a cike, har yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, takan ɓoye dutsen guga a ƙarƙashin gado saboda shi. Ranar da ya samu gurbin karatun injiniyan lantarki, cewa ta yi, "Madalla, a je can a kwance kayan makaranta, namu su huta."

A ɗakin gwaji, wani malami mai sanƙo ya ɗaga musu sandar busasshen katako mai lanƙwasa a baki. Ya ce, "Wuta ba ta san digiri ba. In ta kama ka, hannunka ƙanƙamewa yake yi, ba saki, ba ihu. Saboda haka ba a taɓa waya mai wuta sai da mutum a bayanka riƙe da wannan, ya fizgo ka." 'Yan ajin suka yi dariya, shi kuwa ya riƙe maganar da hannu biyu.

Da ita ya yi aikinsa a kamfanin wuta, daga wannan tasha zuwa waccan, yawanci a bayan gari inda ba abin da ake ji sai gurnanin taransifoma. Ko ƙwararre ne ya ga ya nufi akwatin wuta shi kaɗai, sai ya daka masa tsawa, "Wa ke bayanka?" Har ma'aikata suka laƙaba masa sunan. Sun ji haushinsa, amma babu wanda aka taɓa ɗauka a sume a ƙarƙashinsa. Sai dai ba a cin biyu. Taron dangi ya yi ta wuce shi har aka gaji da gaya masa, wayarsa kuwa ba ta ƙara sai an ɗauke wuta.

Matarsa ta rasu dab da ritayarsa, yaran kuma kowa ya kama garinsa. Ya koma gidan da ya gina a ƙarshen layi, ɗakuna a kulle, shi da kujera da fanka. Maƙwabta kan ce, "Sannu Injiniya," ya amsa a taƙaice ya shige. Ba girman kai ba ne, hira ce bai taɓa koya ba.

Wata safiya ya ji ƙaurin roba. Ya buɗe akwatin wutar gidan, ya tarar bakin wayar da ta shigo daga turken wuta na titi ya ƙone. Aiki ne na shan ruwa, sai dai wannan wayar ko an kashe komai na gida tana nan da wutarta. Ya jera safar hannu da filaya da sukundireba, ya waiwaya bisa sabo zai ce "ka shirya?" Bango ya gani, da kujera. Ya kashe wutar gidan, ya mayar da kayan jaka.

Kwanaki suka shuɗe, firiji ya tsiyaye ruwansa a ƙasa, fanka ta yi cak. Ya kira babban ɗansa ya faɗa masa.

"Haba Baba, ka kira mai gyara mana. Ko in turo maka lambar wani?"

"A'a, bar shi," in ji shi.

Masu gyara ai ga su nan birjik. Abin da ya rasa shi ne mutum ɗaya da zai zo ya tsaya don shi, kuma wannan rashin ya yi masa ciwon da bai yi zato ba. Da ƙyar ya danne kunya ya kira yayarsa, wadda rabonsa da ƙofarta har ya manta.

"Auta? Kai ne? Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Yaya. Wuta zan gyara, ba ni da mai tsaya mini a baya."

Kafin rana ta take tasi ya sauke ta, tana dogara sandarta ta katako, tana haki. Ya dube ta ya girgiza kai.

"Yaya, ke da ko kyanwa ba za ki iya ja ba."

"Rufe mini baki. Wa ya janye ka daga bakin murhu kana rarrafe? Miƙo kujerar nan."

Ta zauna a bayansa, ta maƙala lanƙwasar sandar a wuyan rigarsa tun bai fara ba. Ya ji katakon a ƙeyarsa, idonsa ya kawo ruwa, ya gode Allah da bango yake kallo. Ya yanke ƙonannen bakin, ya fere, ya ɗaure, ya kunna. Fanka ta juya a falo, firiji ya ɗauki gunaguni.

"Ka gama?" in ji ta. "Mai tasin ya ce in kira shi."

Ya ɗora sukundireba a kan ƙusar da ya riga ya ɗaure tamau.

"Da saura, Yaya. Wannan ƙusar gardama gare ta."

Ta kalli fankar da ke juyawa, ta gyara riƙon sandarta.

"To, yi a hankali. Ina nan."