Shanun da Baffa Sule Ya Aiko Bayan Rasuwarsa

Jama'a, wallahi wannan a kan idona ya faru, ba ji na yi ba. Shekarun baya ne, ina noman rani a Tiga, ƙanen mahaifina Baffa Sule ya rasu bai bar wasiyya ba, da ma mutum ne mai zurfin ciki, ko kasuwa za shi sai ya dawo za ka ji. Da aka zo rabon gado aka ce ni zan tsaya, muka duba kaf ba mu ga komai ba sai gidan da yake ciki, ga 'ya'ya kowa da haƙƙinsa, malamin da ke rabon ya ce dole a sayar. Matarsa Inna Rabi kuwa, tun da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinsu take ɗakin nan. Sai na tarar tana ɗaure kwanukanta, tausayinta ya hana ni cin abinci.

Ranar da mai saye zai zo, da hantsi muna ƙofar gida, sai ga wani dattijon Bafulatani ya koro shanu kosassu har sun cika layin, ya yi sallama.

"Nan ne gidan Sule? Daga Falgore nake. Kiwonsa ne, tun suna maruƙa ya ba ni. Makon jiya ya zo ruga ya sha nono, ya ce in kawo su gida yau, kada in makara."

Na ce, "Baba, Baffa fa ya rasu, matarsa har ta fita takaba."

Ya yi salati ya zauna a ƙasa, mu kuwa murna ta hana mu tunani. Malam ya sake rabo, 'ya'ya suka ɗauki shanu suka bar wa Inna gida, tana dariya tana hawaye tana kwance kwanuka, tana cewa mijin nan nata ko a can bai daina ɓoye-ɓoye ba.

Da dattijon zai tafi sai ya miƙo mini wata sanda, ya ce ranar Baffa ya manta ta a ruga. Inna na ganinta dariyar ta tsaya, ta ce tun ranar jana'iza sandar nan take jingine a bayan ƙofarta. Muka shiga tare muka duba, babu ita.

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Don Allah ku gaya wa iyalinku inda kayanku suke tun kuna numfashi, ba kowa ake bari ya dawo ya faɗa ba.