Yero da Tarwaɗar Bayan Ƙofar Marusa

Yero makiyayi ne da ya gaji da yawo, ya zauna a bayan Ƙofar Marusa da 'yan shanunsa. Akwai wani ɗan rafi da yake kai su shan ruwa. Shi ba ya cin kifi, ko ƙarninsa ba ya so, amma wani abu ya daɗe yana cin ransa. Da rani rafin kan janye, ya bar busasshiyar laka. Ruwan farko na sauka kuwa, sai ga ƙananan tarwaɗa masu gashin baki suna wutsil-wutsil. Daga ina suke?

Ya tambayi maƙwabcinsa Salisu mai lambu. Salisu ya ce, "Tare da ruwa suke faɗowa daga sama." Yero ya ce to, amma bai gamsu ba.

Wata bazara saniyarsa ta kafe a wani lungun rafin mai sauran taɓo. Yana kiciniyar zaro ƙafarta, sai ya ji an soke shi a yatsa. Ya tona. Ga tarwaɗa nan da yawa kwance cikin danshi, da ransu, suna buɗe baki suna haɗiyar iska.

Ya ɗauko guda ya kai gida. Matarsa Fatu ta riƙe baki. "Malam, mi ya same ka? Kada dai ka sa mani ita a ƙwaryar nono!"

Tsohon baho ya samu ya zuba ruwa ya saka tarwaɗar a ciki. Nan ya lura ba ta son haske, kullum tana ƙarƙashin wani fasasshen kasko. In ya jefa mata tsutsa, sai gashin bakinta ya taɓa kafin ta cafke.

Ran da aka kwana ana ruwa, ya tashi da safe ya tarar bahon ya cika ya tumbatsa, babu ita. Can bayan garke ya hango ta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, tana dogara ƙayoyin gefenta tana jan ciki. Ya bi ta a sannu, shanu na ta kuka ba a tatse su ba, har ta faɗa rafin.

Tun daga nan, duk rani Yero kan kewaye lungun nan da ƙaya don kada shanu su tattake shi. Yanzu kuma wata tambayar ce ta hana shi sakat: ta yaya ta san hanyar rafi? Ya bi masu kifi a kasuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da tasa amsar.