Gindin Mazarin Kaka

Duk wanda ya ce muku tausar tafin ƙafa daga tausayi ta samo asali, bai taɓa zama a gaban kakata ba. Madam ɗin shagon tausar da nake aiki a unguwar Karama, nan ƙasar Larabawa, tana nuna wa kwastomomi hoton ƙafa a bango, nan hanta, nan ƙoda, yau ta ce mutanen Sin ne suka fara, gobe ta ce Misira. Ni dai in an miƙo ƙafa, matsa ta kawai nake yi. A gidanmu na fara ganin abin nan, kuma ba don lallashi ake yi ba.

Kakata ta wajen uba ba ta da hoto. Man kaɗanya gare ta, da gindin mazari da take danna ƙafa da shi. Da damina, in ƙasa ta ɗau sanyi, sai ta shimfiɗa tabarma a rumfa, matan unguwa su zo da ciwonsu. Ni ke riƙe mata gwangwanin man, a nan hannuna ya koya. Dokarta ɗaya: inda ya fi zafi, nan cutar take. Kika yi ihu, ta ƙara dannawa.

Innata na da tsohon ciki ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Kanta na sara, idonta na gani dishi-dishi. Ta roƙi a kai ta asibiti.

"Zaƙi ne ya yi miki yawa, kwaɗayayya," in ji Kaka. "Miƙo ƙafar."

Har yau ina jin ruwa na dukan kwanon rumfar, Inna na cizon bakin zaninta don kada a ce raguwa ce. Duk inda Kaka ta danna sai ya bar rami. Kafin a yanke gero an binne Inna da cikinta. Kaka ta ce dama ba ta da juriya.

Makon jiya Baffa ya kira ni, ina cikin jirgin ƙasa na metro zuwa unguwar Qusais.

"'Yar nan, tsohuwa fa ba ta iya taka ƙasa. Ta ce ba wanda ya gaji hannunta sai ke. Ki zo."

"Ku kai ta asibiti mana, Baffa."

"Ta ƙi. Ke take so."

"Khalas, shi ke nan, na ji."

Hutuna na nan, madam ba za ta hana ni tafiya ba. Amma gobe in na tashi aiki zan sayi katakon nan mai ƙuraje da ake murza ƙafa a kai, in zaɓi wanda ya fi tsini, in ba masu kagon kai kaya gida su kai mata. Ta taka da kanta.