Ranar da Yaya Garba Ya Tsayar da Ganga

Bana shekara talatin da biyar ke nan da aka kashe yayana Garba, makaɗin gayya, a wata gona tsakanin Yammedi da Turawa. Har yau in na ji gangar noma sai gabana ya faɗi.

A wancan zamanin ne farar ƙwaya ta shigo mana, ana sayar da ita a tire ranar kasuwa, gefen maganin ciwon kai. Samari suka ce ƙarfi take sa wa mutum. Ƙarya ce wallahi! Bakin jiki kawai take toshewa, kada ya gaya maka ka gaji ko kana jin yunwa. Zuciya ta yi ta bugu, maƙogwaro ya bushe, barci ya ƙaurace. Wanda ya fara da ɗaya, kafin kaka sai ya ninka. In rashin barcin ya yi nisa kuwa, kowa ya gani maƙiyi ne.

Haka ta yi wa Sale, aminin Yaya, gwanin huɗar da babu kamarsa a yankinmu. Ran nan ina huɗa a gefensa. Yaya ne ya fara lura Sale ya daina bin kiɗa. Sara kawai yake yana cizon haƙora, garma ta datse masa ɗan yatsan ƙafa, jini na bin ƙasa, bai ma sani ba.

A wajenmu makaɗi ba ya tsayar da ganga manomi bai kai ƙarshen kunyar da yake huɗawa ba, cin fuska ne babba. Yaya ya fi kowa sanin haka, amma ya tsayar.

"Sale, zo ka sha ruwa," in ji shi.

Sale ya ɗago, idanu jajur. "Au, har da kai aka haɗa baki?"

Sara ɗaya ya yi masa a tsakiyar ka. Sai da muka yi masa taron dangi kafin muka ƙwace garmar. Da ƙwayar ta sake shi, ya farka a ɗaure yana tambaya ina Garba. Na tsane shi shekaru, yanzu kuwa tausayi ya fi yawa.

Yau ƙwayoyin sun sake suna da launi, sun shiga aljihun direba da tela da ɗalibi. Da Yaya na raye, na san ba masu sha zai fara zagi ba, masu tafa musu ne don aiki na sauri.

Gangarsa na nan rataye a zaurena, fatar ta tsage. Jikokina kan tambaya ko gwani ne. Gwani ne, Allah ya jiƙansa, amma kiɗansa duk ya ɓace mini. Shirun da gangar ta yi ran nan ne kaɗai ban manta ba.