Gogen Baba Tanko Ya Sha Gam

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Baba Tanko mai gyaran goge na Kafin Dafga, Allah ya jiƙansa. Abin da zan faɗa muku yau, na san za ku ce Ilu ya fara shara ƙaryar da ya saba. To wanda ya isa ya zo in goya shi a babur kyauta, ya gani da idonsa. Gogen da Baba ya yi da hannunsa yana nan a bangon wani falo a Karaye, an shafe shi da man sheƙi na kafintoci, yana ƙyalli kamar goshin ango.

Ni fa ba ɗan gado ba ne. Acaɓa nake yi tsakanin Karaye da Rogo, da gemuna da 'ya'yana, ranar da na ɗauko tsohon nan daga kasuwa riƙe da damin gashin wutsiyar doki. Na ce, "Baba, tsintsiya za ka yi wa aljanu?" Ya ce in ina da kunne in biyo shi. Na bi shi don in samu abin ba da labari a tasha, sai ga ni shekara huɗu a zaurensa.

Wata uku na farko ban taɓa goge ba. Tsagiya kawai nake zaɓa, wato gashin da ake yin tsirkiya da shi, sili-sili, har na fara ganin wutsiyar doki a cikin tuwo. Ta ingarma kaɗai yake karɓa, ya ce ta goɗiya fitsari ya gama cinye ta. Fatar guza kuwa a jiƙa, a ja ta kan ƙwarya, ta bushe a inuwa. Makaɗa daga Rogo har gaba suna kawo masa gogen da muryarsa ta dishe, su koma da shi yana kuka kamar an yi masa mutuwa.

Amma duk sirrin yana wajen jaki, ɗan icen nan da ke zaune kan fata yana ɗauke da tsirkiya. Ba a kafe shi. Da damina fata ta saki, sai a matsar da shi. Da rani ta ɗaure, a dawo da shi, ko da faɗin ƙwayar gero ne. Wata rana ni mai wayo na ɗiga ƙaro a ƙarƙashinsa don ya daina zamewa. Baba ya ja bakan kaɗa goge sau ɗaya, ko kallon gogen bai yi ba, ya ce, "Ilu, wa ya ɗaure masa ƙafa?" Mako guda in na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Yanzu ku ji ta'asa. Ɗansa Alhaji Sabo, wanda a da in an tambaye shi sana'ar ubansa sai ya ce noma, ya gina gida, ya ji ana yayin kayan gargajiya a falo. Ya ɗauko gogen daga ɗakin mahaifiyarsa ya miƙa wa kafinta. Kafinta ya cire tsagiya ya ɗaura zaren roba na masunta, ya malala man sheƙi har kan fata, sannan ya manne jaki da gam, irin wanda ko tirela ta ja ba zai motsa ba.

Ranar da na je gidan, na roƙi arziki na sauko da gogen, na ja baka. Wallahi ƙofar gareji mai tsatsa ta fi shi murya.

"Ai ba na kaɗawa ba ne, Ilu," in ji Alhaji. "Tarihi ne."

Tarihin me? Da Baba zai leƙo, ba na jin zai yi faɗa. Zai ja baka sau ɗaya, ya nemi takalminsa. Abin da ke ƙona mini rai, ba ya gyaruwa: ka ɓamɓare jakin, fatar ta yage, ita ce kuma fata ta ƙarshe da hannunsa ya ja. Muryar da ta rage mana tasa, an toshe ta don baƙi su ce falo ya yi kyau.

Me ya saura na Baba ke nan? Zauren ya zama rumbun gyaɗa. Makaɗan sun tsufa. Sai ɗan abin da ya zuba a yatsun nan nawa, waɗanda tun bayan sadakar arba'in suka koma murɗa totur.

Da zafina na tafi wajen matar Baba, Inna Laure. Na durƙusa, muka gaisa har kaji da awaki, sannan na zazzage mata ƙarar ɗanta, na ƙara gishiri daidai gwargwado. Ta bari na gama tsaf, tana ɓarar gyaɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ka gama, ɗan nan? Shekara tara gogen nan yana rataye a ɗakina, gizo-gizo ya yi 'ya'ya da jikoki a cikinsa. Sabo jahilin goge ne, shi ya sa ya manne shi. Kai kuwa da marigayi ya koya wa matsar da jaki, wa ya ɗaure maka ƙafa?"