Notin Bayan Baba Kaleb

Babana Kaleb manomin citta ne a Kwoi, shekara arba'in yana tona ƙasa. Ni ɗansa ne na huɗu, wanda ya bar makaranta a aji huɗu na sakandare ya kama acaɓa. Wannan labarin kada ku tambaye shi, ransa zai ɓaci.

Shekara uku da suka wuce ya faɗo daga saman motar citta a hanyar Kafanchan, ƙashin bayansa ya tsage. A wani asibiti a Jos aka tsaga shi, aka ɗaure ƙashin da noti shida. Ɗinkin ya kai tsawon hannuna. Duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya ɗaga masa riga, har fasto bai tsira ba.

Bana ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa. Hoto ya nuna noti ɗaya ya goce yana danne jijiya. Likita ta ce za ta shiga ta 'yar ƙofa da kyamara ta cire shi. Na ce kyamara kuma, bikin aure za a yi a ciki? Mama Yemima ta taka min ƙafa.

Zumuntar matan coci suka yi azumin kwana uku. Aka shiga da Baba da safe, kafin la'asar yana neman kunu. Muka juya shi, sai filasta ɗaya kamar ta wanda ya yanke da reza.

"Ina aikin?" in ji Baba.

Ni ma ban sani ba. Likita ta ce gobe ya fara takawa, in ya kwanta ƙafar za ta sandare. Baba ya ce to. Muka dawo gida, ya kwanta, ya ƙi tashi.

"Derrick, ka taɓa ganin an cire citta ba a tona ba?"

"Baba, ban gama makaranta ba."

"Shi ya sa suka ruɗe ka. Notin yana nan. In na tashi ya huda ni fa?"

Masu dubiya ma ba su taimaka ba. Su zo da ayaba, su ce a nuna musu, su ga filasta, su kalli juna. Wata ta ce ko dai azumin ne ya narkar da ƙarfen. Kwana tara ƙafar tana ƙara tauri, Mama tana kuka a bayan rumbu.

Sai na tuna wata 'yar kwalba da nas ta ba ni ranar sallama. Na ɗauka magani ne, na jefa a ƙarƙashin kujerar babur na manta. Na buɗe, ga noti.

Baba ya juya shi, ya gwada da faɗin filastar, ya sake gwadawa.

"Na babur ɗinka ne, ɗan iska."

"Wallahi na bayanka ne."

"Kira min Meshak bakanike."

Na ce Meshak ba ya barin gareji ranar kasuwa. Baba ya yi tsaki, ya jawo sanda, ya miƙe. Gareji yana bayan coci, tafiyar minti goma. Mun yi ta a arba'in, yana zagina, ƙafar tana ja tana saki.

Meshak ya duba ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, ba na babur ba ne, ba na injin niƙa ba.

Baba ya tsaya a kan ƙafafunsa biyu.

"To ta ina ya fito?"

Har yau kullum sai ya taka zuwa garejin su sake tattaunawa.