Muryar Kaka a Ƙarshen Kaset Ɗinmu

Har yau akan samu wanda zai tare ni a Kankia ya ce, ashe kai ne mai ihun nan na kaset ɗin "Na Gaji"? Sai in yi murmushi in ce yarinta ce. Ƙarya nake yi. Shekarata ashirin da huɗu lokacin, da gashin bakina, ina tsayawa gaban aji ina koya wa 'ya'yan mutane ladabi.

Gidanmu a Kusada gidan malamai ne. Kakana ya karantar, mahaifina ya gaje shi, ni kuwa aka sa ni boko, na fito malamin firamare a Kankia a shekarun da kuɗin fetur ya shigo ƙasar nan, kowa ya ajiye fartanya yana neman kwangila. Ni ɗan fari ne, Baba ma ɗan fari ne, don haka kunya ta yi wa gidanmu katutu. Kaka bai taɓa kama sunan Baba ba, Baba bai taɓa kama nawa ba. In zai aike ni, sai ya dubi ƙanena ya ce a faɗa wa malamin boko kaza, ni kuwa ina zaune a gabansa.

Shekarar da Baba ya sauke farali ya dawo da rikoda. Kaka ya tsani abin, akwatin tsegumi yake kiransa. Amma wata rana da hantsi, jikinsa ya riga ya yi rauni, sai ya aika a kawo masa. Baba ya sa sabon kaset ya danna, Kaka ya yi masa nuni da ƙofa.

"A ba ni wuri. Abin da zan hwaɗi, sai bayan na tahi za a ji shi."

Baba ya fita ya saki asabari. Muna jin gunjin muryar tsohon daga tsakar gida, ba ma jin kalmomin. Sau ɗaya ya yi kira aka juya masa kaset ɗin. Duk gidan mun san cewa abin da kunya ta hana shi faɗa wa ɗansa baki da baki shekara da shekaru, shi ne ya zuba a ciki. Kafin a yanke gero ya rasu. Baba ya ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na bayan kaset, waɗanda in an cire su ba a iya ɗaukar wani abu a kansa, ya ajiye shi cikin adakar littattafansa tare da kaset ukun wa'azi. Bai saurara ba. Kullum sai ya ce sai zuciyarsa ta ɗan yi sanyi.

A Kankia kuwa ina da wani aboki makanike, wanda gwamnati ta tura Ingila ya koyo gyaran tarakta. Ya dawo da jita mai tsirkiya shida, uku sun tsinke a hanya, da wani faifai. Ranar da ya sa mana faifan nan a garejinsa na zaci injin ne ya lalace. Wasu samari ne ke ihu kamar ana yi musu sakiya, gangarsu na gudu kamar an biyo ta. A jikin kwalin faifan ga hotonsu da riguna yagaggu, an soke da fil. Ya ce sunan kiɗan pank, kuma manyan ƙasarsu suke zagi.

Na ce, "Yo in zagi ne, ai gida ya zo. Wa zai koya ma Bakatsine zagi?"

"Kuma ba su iya kiɗan ba," in ji shi. "Da bakinsu suke hwaɗi. Kowa shina iyawa."

Wannan maganar ce ta kama ni. Mu a wurinmu waƙa gado ce, kuma ta yabo ce: maroƙi ya wasa mai kuɗi, mai kuɗi ya yi masa kari. Ɗan malam ba ya tsayawa gaban ganga. Ga kuma cikina cike da haushi. Takin zamani yana ɓacewa tsakanin sito da gona. Ana gina aji a karɓi kuɗin rufi, a bar yara da rana a ka. Mu kanmu malaman an gasa mu ne sama-sama cikin 'yan watanni aka watsa mu ƙauyuka. Na rubuta waƙoƙi bakwai a bayan littafin shirya darasi, babu yabon kowa ko baiti ɗaya. Muka samu na uku, wani ɗan gidan makaɗan mahauta da ya gaji da bin uban gidansa kasuwa-kasuwa, ya zo da kalangu da garwar kananzir biyu.

Makanike na da rikoda da batirin mota da lasifikar da ya ara wajen wani mai tallar magani. Saura kaset. Sabon kaset a lokacin sai an je Katsina ko Kano, ni kuwa na bugi ƙirji na ce a bar mini wannan. Na manta. Ranar Juma'a na je gida Kusada, sai da na ga rikodar Baba na tuna gobe ne alkawari. Da ya tafi masallaci na buɗe adakar. Kaset huɗu, uku da rubutu a jiki, ɗaya fari fat. Na gaya wa kaina cewa wannan sabo ne, na Kaka yana wani wuri. Ban tsaya na sa shi na ji ba, don ina tsoron abin da zan ji.

Washegari muka haɗu a wani ajin da ba rufi a bayan gari, ɗaya daga cikin waɗanda nake zagin mai kwangilarsu. Rana ta take, awaki na leƙo mu ta taga. Makanike ya sa kaset ya danna jan maɓallin, ya ƙi shiga. Ya fito da shi ya juya.

"Wanga akwai abu ciki. An ɓalle mashi kunne."

"Wa'azi ne," na ce, "irin na kasuwa. Akwai shi ko'ina."

Da hannuna na yage takarda daga littafina, na dunƙule, na cusa cikin ramukan biyu. Maɓallin ya shiga.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yinin nan. Jita na kuka ta cikin lasifika, garwa na amsawa, ni kuwa ina ta ɓarke baki har jijiyar wuyana ta tashi. Ba mu maimaita ko waƙa ɗaya ba. Inda na yi tari yana nan, inda akuya ta yi kuka yana nan, inda makaɗi ya zagi makanike don ya taka masa waya shi ma yana nan. Waƙa ta bakwai ta ƙare saura kaɗan kaset ya cika, muka kashe, muka mai da shi farko, muka zauna a inuwar bango muna ji muna ƙyaƙyata dariya.

Da ƙarar ƙarshe ta mutu, sai aka ji ƙit. Sai numfashin tsoho.

"...to, iyakar abin da na riƙe ke nan ban hwaɗa maka ba. Ka yahe mani. Allah shi yi maku albarka, ku da ɗiyanku. Kai, a zo a kashe abinga hakanan, na gaji."

Abokaina suka faɗi ƙasa don dariya. Makanike ya ce wallahi ko biya aka yi ba za a samu rufewa irin wannan ba, a bar shi. Ni kuwa na san mai muryar nan. Ina iya cewa kakana ne. Ina iya fizge kaset ɗin in tafi da shi gida in durƙusa. Sai na taya su dariya. Da sati ya zagayo na samo wani farin kaset na sa cikin adakar Baba, a daidai inda na ɗauki wancan.

Makanike ya haɗa rikoda biyu baki da baki ya kwafa wa direbobi. Kafin wata uku babu tashar da ba a jin mu. Ba mu sa masa suna ba, mutane ne suka sa masa "Na Gaji". Kamasho zai ce wa yaron mota a kashe abinga na gaji, mai shayi zai faɗa wa rishonsa, matan aure ma sun ɗauka. Manya suka yi tir, limamai suka yi huɗuba, aka ce 'yan iska ne daga Kano. Ba wanda ya kawo ɗan malam a ransa.

Wata rana aka yi rasuwa a Yashe, muka shiga mota ni da Baba za mu ta'aziyya. Aka ba shi gaba kusa da direba, ni ina bayansa. Direba ya tayar da mota, kaset ɗin da ke ciki ya kama daga inda ya tsaya, sai ga muryata tana zagin ɗan kwangila. Direba ya ji kunyar malam, ya kai hannu zai kashe, wata tayar ta faɗa rami ya koma ga sitiyari. Cikin wannan ɗan tsakanin waƙar ta ƙare.

Ina kallon ƙeyar Baba lokacin da mahaifinsa ya ce ka yahe mani. Fasinjoji suka amsa na gaji baki ɗaya suna dariya, kamar yadda aka saba.

"Direba," in ji Baba, "mai do shi baya kaɗan."

"Allah gafarta Malam, shirme ne na yara."

"Mai do shi."

Sau uku aka mai da shi. Da muka sauka, direba ya zare kaset ɗin ya miƙa masa da hannu biyu, Baba ya sa a aljihun gaba. Bai waiwayo ni ba. Uba ba ya kasa gane muryar ɗansa ko da ihu yake yi, kuma ya san wa ke iya buɗe adakarsa. Na jira kira a ranar, na jira a satin. Bai zo ba. Kunyar da ta hana shi kama sunana ita ta hana shi tuhumata, ni kuma na laɓe a bayanta kamar ɓarawon da ya samu zana.

Ƙungiyarmu ba ta sake ɗaukar komai ba. Na ce musu muryata ta dushe. Makanike ya koma kan taraktocinsa, makaɗi ya koma bin mahauta. Kaset ɗin kuwa ya ƙi mutuwa. Ya tashi daga kaset ya koma faifan CD, daga faifai ya shiga wayoyi. Samarin da ba a haifa ba lokacin suna cewa shi ya nuna musu ana iya waƙa ba tare da an roƙi kowa ba. Wasu har kwaikwayon rufewar suke yi, su samo tsoho ya yi musu magana a ƙarshe. Wani ɗalibin jami'a ya taɓa zuwa har gida da littafinsa, ya tambaye ni dabarar wa ce sa muryar dattijo bayan duk wannan hargowa. Ya ce hikima ce babba. Na gyara zama na ce, to, abin ya zo ne hakanan. Ya rubuta.

Ƙanena ne ya gaya mini cewa Baba yakan rufe ɗaki ya sa kaset ɗin direban nan. Bai iya laluben wurin da kyau ba, yakan wuce ko ya gaza, don haka sau da yawa sai ya bar shi ya yi ta tafiya. Malamin da bai taɓa tsayawa inda ake kiɗa ba, ya zauna yana jin ashar ɗin ɗansa, don ya kai ga 'yan kalmomin ubansa.

Sai da idonsa ya tafi, ƙafa ta ƙi, na dawo Kusada ina jinyarsa, sannan maganar ta fito. Bayan azahar ne, ina matsa masa ƙafa, babu kowa a ɗakin da zai faɗa wa ya faɗa mini.

"Malamin boko."

"Na'am, Baba."

"Ban tambaye ka dalili ba, kuma ba ni tambaya. Abu guda nike son sani. Kahin ku yi abinku bisa kai, ai ka saurara ko? Mi ya ce?"

Sai a lokacin na gane abin da yake jira duk shekarun nan. Ya ɗauka maganar tana wurina, kunya ce ta hana ni kawo masa. Ni mai iya shirya baiti ne. Na san irin maganar Kaka, na san inda yake jan numfashi. Ina iya ƙaga masa wasiyya mai daɗi a nan take, ya tafi da ita kabari yana murna, kuma wallahi sai da na buɗe baki zan fara.

"Ban saurara ba, Baba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kalma guda."

Ƙafarsa na hannuna, na ji ta saki. Idanun nan da ba sa gani suka cika, ya bar su suka zubo, bai share ba.

"Wata tara shina cikin adakata," ya ce. "Ni ma ban saurara ba."

Ya juya fuskarsa ga bango. Na ci gaba da matsa ƙafar, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.